Shekara 19 ba babban kamfani, ba ubangida: da me Dead Moon suka rayu?

Wani ƙanena daga Tahoua ya aiko da tambaya. Su uku ne suke kiɗa, gitar da bas da ganguna, kuma kiɗan nasu mai zafi ne, ba irin wanda ake kira a biki ba. Wani ya tura masa waƙoƙin wata ƙungiyar Amurka mai suna Dead Moon, ya ce masa sun yi kusan shekara 20 suna kiɗa ba su taɓa shiga hannun babban kamfani ba, manyan gidajen rediyo ma ba su san da zamansu ba. Yana so ya ji ko gaskiya ne, da me suka ci abinci, kuma ko su ma za su iya bin wannan hanya.

Gaskiya ne, ƙanena, sai dai wanda ya ba ka labarin rabi ya ba ka. Ba taurin kai kaɗai ya riƙe mutanen nan ba. Suna da kanti, suna da injinsu, abin da suke kashewa bai taɓa fin ƙarfin aljihunsu ba, sannan akwai Turai da ta ciyar da su shekara da shekaru. Ni aikin sono da situdiyo nake yi a Yamai, don haka wajen kaya da lissafi zan fi daɗewa.

Kiɗan da kansa ba sai na ja ba, tunda ka ji shi. Buluz na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi na yankin kogin Misisipi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa mutanensa suka kwarara Shikago neman aiki, irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf suka jona shi da lantarki, daga nan rok ya samo jijiyarsa. Zuwa shekarun 1970 rok ya yi ƙiba da kuɗi, sai manyan filaye da motocin kaya da waƙa mai minti goma. Samarin Niyok da Landan suka ce ba su yarda ba, suka koma waƙar minti biyu, akor uku, wato kamun tsirkiya iri uku kacal, kowa ya iya ya hau. Wannan shi ne pank, wajen 1976. Dead Moon sun ɗauki saurin pank da rashin kwalliyarsa, suka ɗora a kan tsohon rok na shekarun 1960 da kukan buluz. Muryar jagoransu, Fred Cole, siririya ce, tana rawa kamar za ta tsinke, kuma bai taɓa gyara ta ba.

Abin da ba a cika faɗa wa samari ba shi ne shekarun mutumin. An haifi Fred Cole a 1948. Ranar da aka kafa Dead Moon a birnin Portland, a 1987, yana da shekara 39, da mata da ƴaƴa uku, kuma ya fi shekara 20 yana kiɗa. Ya fara ne a Las Vegas tun bai kai 17 ba. A 1966 ƙungiyarsa ta lokacin, The Weeds, ta kama hanyar Kanada don gudun a kwashe su soja zuwa yaƙin Biyetnam, sai mai ya ƙare musu a Portland. Nan ya haɗu da Toody, suka yi aure a 1967. Daga nan ne ya ɗanɗani abin da ya sa har ya mutu bai sake yarda da manyan kamfanoni ba. Ƙungiyar ta je Los Anjeles, ta samu manaja, ta samu kwangila da kamfanin Uni. Manajan ya ce sunansu bai yi ba, ya laƙaba musu The Lollipop Shoppe, wato kantin alewa, don a lokacin waƙoƙin yara masu zaƙi ke tashe. Samari masu kiɗa mai duhu aka sa musu sunan alewa. Faifan ya fito a 1968, bai yi kasuwa ba, ba a jima ba ƙungiyar ta watse.

Ka tsaya nan ka fahimci yadda kwangilar babban kamfani take, don har gobe haka take, ko a Amurka ko a Legas ko a Abijan. Kuɗin da ake ba ka a farko, abans, ba kyauta ba ne, bashi ne. Daga ɗan kason da ya kamata ka samu a kan kowane faifai ake cire shi, tare da kuɗin situdiyo, sau da yawa har da wani ɓangare na talla. Kafin bashin ya fita ba ka ganin ko dala. Asalin sautin da aka ɗauka kuma ba naka ba ne, na kamfani ne. Tunda su suka zuba kuɗi, su ke da ta cewa a kan suna da sutura da waƙar da za a tura gidan rediyo. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ban ce kowane kamfani azzalumi ba ne. Ciniki ne, kuma wanda bai san abin da yake sayarwa ba shi ke kwana ciki.

Bayan wannan, Fred da Toody suka kwashi yara suka tafi Yukon, can arewacin Kanada inda sanyi ke kashe mutum, suka gina ɗakin katako da hannunsu, suka yi kamar shekara guda. Da suka dawo Portland suka buɗe kantin sayar da kayan kiɗa, Captain Whizeagle's, daga baya suka gina wani a Clackamas, bayan gari, suka sa masa Tombstone Music. Ka riƙe wannan kantin da kyau, domin shi ne amsar rabin tambayarka. Sayar da gitar da tsirkiya da tsofaffin ampili, da gyaransu, shi ke kawo cefane. Kiɗa bai zama dole ya ciyar da gida a watan farko ba, ko a shekarar farko. Mutumin da cefanensa bai rataya a kan waƙa ba shi ke iya cewa a'a. Ban da haka, mai kantin kayan kiɗa ba ya hayar ampili, ba ya kai wa wani gyara, kuma duk makaɗan gari ta ƙofarsa suke wucewa.

Tsakanin 1970 da 1987 Fred ya kafa ƙungiyoyi ya rushe ba adadi: Zipper, King Bee, The Rats, har da na kiɗan kantiri. Yawancinsu a ƙaramin kamfaninsa na gida ya buga faifansu, kuma ba wadda ta yi suna a wajen gari. A zamanin The Rats, wajen 1980, ya gaji da masu bas da ke zuwa suna tafiya, ya koya wa matarsa. Toody ta kama bas tana kusan shekara 30, uwar yara uku. Na ukunsu a Dead Moon shi ne mai ganguna Andrew Loomis, wanda suka girme shi da fiye da shekara 10. Waɗannan ukun ne daga 1987 har 2006, ba a taɓa canza ko mutum ɗaya ba. Ni a wurina wannan ya fi rashin kamfani ban mamaki. Na ga orkes da yawa a Yamai da ba su kai Sallah biyu da mutanen da suka fara ba.

Yanzu injin. A shekarar da aka kafa ƙungiyar, Toody ta saya wa mijinta wani tsohon injin yankan faifai ƙirar Presto, na shekarun 1950. Sai ka san yadda ake faifan garmaho kafin ka gane nauyin wannan kyauta. A wancan zamani in ka gama ɗaukar waƙa a zare, ba ka yi rabin tafiya ba. Sai an kai zaren wurin mai injin yanka. Zai ɗora wani faranti na alminiyom da aka shafe da wani fenti mai laushi, farantin na juyawa, allura mai kaifi na bin sa tana ƙwarzanar layi siriri, tana karkarwa daidai da sautin da ke shigowa. Wannan faranti shi ne uwa. Daga jikinsa ake fitar da na ƙarfe, na ƙarfen kuma a masana'anta ake ɗaura shi a injin matsa roba, a buga ɗaruruwa ko dubbai. Mai yanka gwani ne, aikinsa da tsada, kuma a hannunsa hukuncin ƙarshe na sautinka yake. In bas ya yi yawa, allurar mai saurare za ta yi tsalle ta bar layi. In ka cusa waƙoƙi suka wuce minti 20 ko makamancin haka a fuska ɗaya, dole a matse layukan, sauti ya yi rauni. Fred ya koyi wannan duka da kansa. A gida suke ɗauka, a gida yake yanka uwa, masana'anta bugu kawai take yi, sannan faifan ya fito da sunan kamfaninsu, Tombstone Records. Har wasu ƙananan ƙungiyoyi yake yanka wa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sakamakon a bayyane yake: faifai biyar a shekara biyar a jere, daga 1988 zuwa 1992, jimilla 10 na situdiyo zuwa 2004, ban da ƙananan faifai da na wasan kai tsaye. Ba sa jiran kowa ya sa hannu.

Injin na mono ne, wato sauti ta hanya ɗaya yake fita, babu dama babu hagu, alhali duniya ta koma sitiriyo tun ƙarshen shekarun 1960. Masu son su sun mayar da wannan abin alfahari. Ni ina ganin wani abu ne daban, kuma ya shafe ku kai tsaye. Wanda zai saurare ku a fada, a Tahoua ko Abalak ko Ƙonni, da me zai saurara? Da lasifikar salula, ko ƴar ƙaramar bafil ta Bluetooth da ake ajiyewa gefen butar shayi. Mono ce ita ma. Duk kwalliyar da mai situdiyo zai yi, ya kai wannan gitar dama ya kai waccan hagu, ya cika ƙasa da bas mai girgiza ƙirji, a salula ɓacewa take yi, musamman in waƙar ta bi ta WhatsApp an matse ta. Ka sake sauraren Dead Moon a salularka, ka bi bas ɗin Toody da kunne. Za ka ji shi sarai, saboda ba can ƙasa yake ba, yana da ƙaiƙayi a tsakiya, yana ɗan kartar kunne. Kaya uku ne kawai da murya, kowanne da wurinsa, ba mai danne wani. In za ku ɗauka, ku ce wa mai situdiyo ya juya aikin zuwa mono ku ji a salula kafin ku biya. In waƙar ta tsaya da ƙafarta a nan, za ta tsaya ko'ina.

To, ina kuɗin kiɗan yake fitowa? Ba daga Amurka ba, aƙalla ba a farko ba. A garinsu ƙananan kulob suke wasa, irin su Satyricon. Wani makaɗin Portland, Greg Sage na ƙungiyar Wipers, shi ya sa labarinsu ya kai kunnen Hans Kesteloo, mai wani ƙaramin kamfanin faifai a Jamus, Music Maniac. Shi ya riƙa fitar da faifansu a Turai, kuma a 1990 suka yi turne na farko a can. Jamus da Holand suka karɓe su hannu bibbiyu, musamman gidan wasa na Vera a birnin Groningen, wanda ya zama kamar gidansu na biyu. Akwai dalilin da ya sa Turai ke riƙe irin waɗannan ƙungiyoyi. Gidajen wasa da yawa a can na matasa ne, hukumar gari na tallafa musu, don haka suna iya biyan baƙo kuɗin da aka yi alkawari, su ba shi abinci da wurin kwana, ko da mutum ɗari biyu ne suka shigo. Garuruwan kuma kusa-kusa suke, hanya lafiya lau, kana iya wasa kusan kowane dare har makonni. Saboda haka in an ce maka ba su da kamfani, ka gyara: ba su da babban kamfani. Suna da abokin ciniki ƙarami da suka yarda da shi, suna da masu shirya musu wasa, kuma ba su sayar da kansu ga kowa ba.

Lissafin nasu mai sauƙi ne. Mutum uku a mota ɗaya. Biyu daga ciki miji da mata ne, kasonsu tukunya ɗaya yake shiga. Kayan kiɗa tsofaffi ne, Fred da gitarsa ƙirar Guild, Toody da bas ƙirar Vox, in sun lalace shi ke gyarawa. Bayan wasa ga tebur, faifai da riguna masu tambarinsu, ƙoƙon kan mutum a cikin jinjirin wata. Tambarin nan ya yi musu aikin da talla ba ta yi ba, har masoya suna zana shi a fatar jikinsu, shi kansa Fred a kumatunsa ya zana. A dandamali kuma ba sa tura mai ganguna baya yadda aka saba, gaba suke jawo shi su jeru su uku, a kunna kyandir a kan babbar ganga, su haɗa hannu kafin a fara. Kyandir ɗin a bakin kwalbar giya yake tsaye. Wannan al'adarsu ce, ba ita na ce ka ɗauko ba.

A 1991 ƙungiyar rok ta Nirvana ta yi tashe daga Siyatil, tafiyar awa uku daga Portland, manyan kamfanoni suka bazama yankin suna rattaba kwangila da duk wanda ya rataya gitar. Da yawa sun samu abans mai kauri, faifai ɗaya ko biyu aka sallame su. Dead Moon suna nan a Tombstone, ba su hau ba, ba su faɗo ba. Manyan da suka yi suna sun san da su, ƙungiyar Pearl Jam ma sun sha rera wata waƙarsu a wasanninsu. An yi fim a kan rayuwarsu a 2004, kamfanin Sub Pop ya tattara waƙoƙinsu a faifai biyu a 2006, a ƙarshen wannan shekarar kuma, bayan wani dogon turne a Turai, Fred ya sanar cewa an tsaya. Shi da Toody suka ci gaba da wata ƙungiya, Pierced Arrows, daga 2007. Dead Moon ta sake haɗuwa a 2014 na ɗan lokaci, a shekarar aka yi wa Fred aikin zuciya. Loomis ya rasu a Maris 2016, Fred a Nuwamba 2017, yana da shekara 69, bayan shekara 50 da aure. Ba su yi arziki irin na taurari ba. Gida nasu, kanti nasu, waƙoƙi nasu, kuma jiki ya biya kuɗin hanya.

Sauran tambayarka, ko za ku iya. Akwai abin da ba zai taso daga Portland ya sauka Tahoua ba, gara ka ji shi tun yanzu. Su suna da masu sayen faifai. Mu nan wa ke sayen waƙa? Da kaset ne, ana kwafa, aka koma kat memuwar, mai caji a bakin tasha ya zuba maka waƙa ɗari a kuɗin da bai kai na shinkafa da wake ba, yanzu kuma turawa kawai ake yi. Su suna da fasfo ɗin da ke buɗe musu Turai. Kai sai biza, sai takardar gayyata, sai jira, kuma tun 2023 abin ya ƙara tsauri. Ko waɗanda suka riga suka fita ba su tsira ba: juyin mulkin Yulin 2023 ya samu makaɗin gitar nan Mdou Moctar da mutanensa suna turne a Amurka, aka rufe iyaka, suka maƙale a can. Su suna da jerin ƙananan gidajen wasa gari bayan gari. Kai daga Tahoua zuwa Yamai kilomita fiye da 500 ne a kar, da ampili a kan cinya, kuma in ka iso wuraren da za su ba ƙaramin orkes dandamali ba su da yawa.

Amma kada ka ɗauka kiɗan bayan fage baƙo ne a ƙasar nan. A shekarun 1990, lokacin tawaye, kasetin gitar irin na Abdallah Oumbadougou a ɓoye suke yawo, hannu zuwa hannu, babu kamfani babu rediyo, kuma sun kai inda rediyo ba ta kai ba. Mdou Moctar ɗan jiharku ne. Gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, suka bazu ta salula har Mali, a can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya bi sawunsa. Kamfanin Kirkley ɗin, Sahel Sounds, a Portland yake, garin su Dead Moon, kuma shi ya fitar da ƙungiyar Les Filles de Illighadad, su ma ƴan wajen Abalak. Sai a 2021 faifan Mdou ya fito a kamfanin Matador, shekara 13 bayan Sakkwato. Kafin duniya ta san shi me yake ci? Biki.

A nan ne ban yarda da kai ba. Yadda ka rubuta "ba irin wanda ake kira a biki ba", na ji ƙamshin raini. Biki shi ne kantinku. Shi ne abin da zai kawo cefane ya bar muku ƴancin yin naku kiɗan yadda kuke so. Orkes ɗin Tal National a Yamai sun gina sunansu ne da wasan dare bayan dare, awanni a tsaye, a bukukuwa da wuraren shaƙatawa, jagoransu Almeida kuma yana riƙe da aikinsa na alƙalanci, kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da su a 2013. Wanda ya taɓa tsayawa a bikin Agadas ya ga yadda mai ganguna ke kora gitar har ƙura ta rufe fitila ya san zafin pank bai fi wannan ba. Abin da pank ya ƙi shi ne ubangida, wato ka rera abin da mai kuɗi ke so don ya yi maka kari. Wannan kam za ka iya ƙin sa. Amma ka buga wa mutane su yi rawa a biya ka kuɗin aikinka, sana'a ce. In kuma bikin bai karɓe ku ba, to kowannenku ya riƙe abin da yake yi, ɗinki ne, gyaran salula ne, kabu-kabu ne.

Sai kaya. Akwai wasu yara huɗu da na sha yi wa sono a bukukuwa a wata unguwa nan Yamai, hannunsu da daɗi ƙwarai. Ba su da ampili, haya suke yi. Duk wasan da suka yi, mai ampili ke fara cire nasa, sai mai mota, sai mai injin wuta, abin da ya rage su raba huɗu. Mu ce an biya su jika 50, da ƙyar kowa ke komawa gida da abin da zai sa mai a babur ya sayi tsirkiya. Wani dare injin wutan ya yi tari, wuta ta ja baya ta dawo da ƙarfi, muka ji ɗas, sai warin ƙonannen roba. Ampilin haya ya tafi. Aka tsaya ana nuna wa juna yatsa a kan wa zai biya, amarya na zaune ana jira. Bashin ampilin nan ne ya raba su, ba rashin iya kiɗa ba. Saboda haka kuɗin farko da kuka tara, kada ya tafi a fedal mai canza sauti ko rigunan orkes. Ku sayi ampili naku ko da tsoho ne, ku sayi regilater ku sa tsakaninsa da kowace wutar da ba ku sani ba, ta Nigelec ce ko ta inji. Ɗayanku ya koyi riƙe ƙarfen like da dalma, don yawancin abin da ke kashe wasa ba babban abu ba ne, wayar jak ce ta tsinke daga ciki. Lokacin hunturu ƙura na shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarar-ƙarar, ku riƙa rufe kaya da zane, ku nemi feshin wanke su wurin masu gyaran rediyo.

Ku uku kuma ku zauna ku rubuta a takarda, tun ba a fara samun kuɗi ba: ampili na wa ne in an rabu, sunan orkes na wa ne, kason wanda ya rubuta waƙa nawa ne, nawa ake ajiyewa a asusu kafin a raba. Zumunci bai hana rubutu ba. Ku je BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, ku yi rajistar waƙoƙinku. Ba zan ce maka za ta cika maka aljihu ba, amma ranar da wani ya ɗauki waƙarka ya ce tasa ce, takardar nan ce shaidarka.

Na bar maganar uwar faifai a ƙarshe don ita samari suka fi sakaci da ita. Dalilin da ya sa Sub Pop, da kamfanin Mississippi Records daga baya, suka iya sake fitar da waƙoƙin Dead Moon kuɗin ya shiga gidan masu su, shi ne asalin sautin yana hannunsu. Mu ma muna da misali a gida. Mamman Sani ya ɗauki kiɗan organsa a gidan rediyon ƙasa a 1978, kaset kaɗan aka buga, ƴan Nijar suka yi shekaru suna jin sa a tsakanin shirye-shiryen rediyo, sai a 2013 aka sake fitar da shi a waje, bayan an ci karo da kwafi ɗaya a gidan tarihi na Yamai. Da wannan kwafin ya ɓace fa? A yau uwar faifai ba faranti ba ce, fishiye ne a kwamfutar mai situdiyo, kuma kwamfuta tana mutuwa, ana sace ta, ana goge ta don a samu wurin aikin wani. In kun gama ɗauka, kada ku karɓi MP3 kaɗai ku tafi. Ku ce a ba ku WAV, wanda ba a matse ba, na waƙar gaba ɗaya da na kowane kaya daban-daban, gitar daban, bas daban, ganguna daban, murya daban. Ku ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a gidan da ɗayan yake ba. In wani daga waje ya zo yana so ya fitar da ku, ku ba shi aro na shekarun da aka ƙayyade a rubuce, da ƙasashen da aka ƙayyade, kada ku sayar har abada, kuma ku sa wanda ya iya Faransanci ko Ingilishin kwangila ya karanta muku kafin kowa ya sa hannu. Mai situdiyon kuma ku yi wannan magana da shi tun ranar ciniki, ku riƙe cikon kuɗinsa sai fishiyen sun shiga hannunku.